Tambaya da Amsa: Aduwar Tsohuwa da Ayar Mallakar Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a Gadarif. Kwanakin baya na saurari wata lacca a waya, mai laccar ya ce Kiristanci ne tushen lalacewar muhalli, wai littafinsu ya umarce su su mallake ƙasa su danne ta, shi ya sa Turawa suka cika sama da hayaƙi. Na yarda, har na maimaita maganar a majalisa. To amma a unguwarmu akwai wata tsohuwa Kirista 'yar Jibal Nuba, wadda yaƙi ya koro daga Madani tare da jikokinta. A bakin rumfar da aka ba su akwai aduwa. Jikokin suka so su sare ta su yi gawayi su sayar, don gidan ba ko kwanon dawa. Tsohuwar ta tsaya a gindin bishiyar ta ce sai dai su fara da ita. Ta ce bishiyar ta Ubangiji ce, su baƙi ne a inuwarta. Baba, ka yi aikin gandun daji, ka zauna da mutanen nan. Wacce ce koyarwar addininsu, ta mai lacca ko ta tsohuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu shiga karatu, ka gaishe mini da tsohuwar nan, in kuma akwai ragowar dawa a gidanka ka auna mata. Wadda ta danne yunwarta don bishiya ta tsaya, haƙƙi ne a kan maƙwabta su riƙe ta.

Ni Musulmi ne, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno, bakin Nilul Azrak. Abin da zan faɗa maka na samo shi ne daga karanta littafinsu, na Larabci da na Hausa, da kuma shekarun da na yi ina kwana a daji ɗaya da wani abokin aikina Kirista, mutumin wajen Kadugli, wanda har yau muke gaisawa in an sami layi.

Mai laccar bai ƙirƙiri ayar ba. Tana nan a farkon littafinsu, Farawa 1:28, inda aka ce Allah Ya sa wa mutane albarka, Ya ce su hayayyafa su cika ƙasa su mallake ta, su yi mulki a kan kifayen teku da tsuntsayen sama da duk abin da ke motsi a doron ƙasa. Kalmomin Ibrananci biyu da ke wurin, kabash da rada, masu nauyi ne, irin waɗanda ake faɗa kan sarki da ƙasar da ya ci da yaƙi. Zargin ma ya girmi mai laccar. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, shi ya baza shi a 1967 a mujallar Science, inda ya ce Kiristancin Yammacin Turai ya ɗora mutum a tsakiyar komai, ya cire wa mutane jin nauyin bishiya da rafi, don haka yana da kaso babba na alhakin ɓarnar. Kuma akwai gaskiya a ciki. A 1637 masanin falsafa na Faransa René Descartes ya rubuta cewa ilimi zai mayar da mutane tamkar iyayengiji kuma mamallakan halitta, shi ne kuma ya ɗauki dabba a matsayin inji. Da irin wannan ido aka shigo Afirka. Madatsar Sinnar da noman Jazira da aka buɗe a 1925, don masaƙun Ingila su sami auduga aka yi su.

Abin da masu lacca ba sa faɗa shi ne, Lynn White ɗin nan ɗan coci ne, kuma ya rufe rubutunsa da cewa tunda ciwon daga addini ya taso, maganin ma daga addini zai fito. A cikin Kiristancin ya nemi maganin.

Yanzu ka koma kan ayar, ka ƙara layi ɗaya. A aya ta 29, abincin da aka ba wannan mai mulki tsirrai ne da 'ya'yan itatuwa. Izinin cin nama sai a babi na 9 ya zo, bayan ruwan Annabi Nuhu. Wato mulkin da aka ba shi a farko ko yankan akuya bai ƙunsa ba. A babin farkon kuma an yi ta maimaita cewa Allah Ya duba abin da Ya halitta Ya ga yana da kyau, haske da ƙasa da teku da tsirrai da tsuntsaye, duk tun kafin a halicci mutumin da zai amfana da su. Sai babi na 2 aya ta 15 ta faɗi aikin da aka ba shi: an sa shi a gonar don ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Kai da ka yi karatun Larabci za ka ji daɗin wannan. Kalmar da aka fassara da noma ita ce abad, tushensu ɗaya da abdu da ibada, ma'anarta hidima. Wadda aka fassara da kiyayewa kuwa, shamar, ita ce Ƙabila ya furta a babi na 4 da aka tambaye shi ina ɗan'uwansa, ya ce shi mai tsaron ɗan'uwansa ne? Sunan Adamu ma daga adama aka ciro shi, wato turɓaya. Malamansu suna cewa ba a karanta mulkin babi na ɗaya sai tare da hidimar babi na biyu. Matsayin mutum kamar na wakilin gona ne: yana ba da umarni, ana bin maganarsa, amma gonar da mai ita, kuma ranar lissafi tana zuwa.

Bari in ba ka labarin daren da na fara gane haka. Wata shekara gab da kaka aka tura mu kudancin Gadarif duba wani mashru'i, wato babbar gonar da ake nomawa da tarakta, mai faddan dubu, kusan eka dubu ke nan. Dokar gandun daji ta Sudan ta ce a gonar damina a bar kashi 10 cikin 100 na fili ga bishiyoyi, a gonar ban ruwa kashi 5. Muka zagaya da mota tun hantsi har azahar ba mu sami inuwar da za mu yi salla ba. Abin da ya cika ido shi ne ƙuduji, buda inji mutanen nan, ya baza furanninsa ruwan hoda, dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya. Duk manomi ya san ƙuduji a gajiyayyar ƙasa yake samun sarauta. Da dare abokina ya ɗora jabana, tukunyar gahawa, a kan garwashi, ya zaro littafinsa daga jakar leda, ya haska tocila ya karanta mini Littafin Firistoci babi na 25. Shekara shida a yi noma, ta bakwai ƙasa ta huta, ba shuka ba girbi. Ya juya zuwa Fitowa 23, inda aka ce abin da ya fito da kansa a shekarar hutun na talakawa ne, abin da suka rage na namun daji ne. Sannan ya dawo kan aya ta 23 ta Firistoci babi na 25, ya sa yatsa a kai: kada a sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, domin ƙasar ta Allah ce, mutane baƙi ne masu zaman wucin gadi a wurinSa. Ka ji inda tsohuwarku ta samo maganarta. Ko ba ta iya karatu ba, an karanta mata a coci tun tana yarinya har ya zauna.

Na ce masa ai wannan shi ne saura. Iyayenmu da manoman Kurdufan haka suke yi da dakwara, wadda ake kira hashab: a noma fili shekara huɗu ko biyar, a ƙyale dakwara ta tashi, a yi shekara goma sha biyar ko ashirin ana tsaga ta ana ɗibar ƙaro, in ta tsufa a sare a koma noma, a tarar ƙasa ta dawo da ƙarfinta. Ya gyaɗa kai, ya ce akwai sauran gargaɗi a babi na 26: in mutane suka hana ƙasa hutunta, za a warwatsa su, ƙasar ta yi hutun da suka hana ta alhali ba sa nan. Daga nan ba wanda ya sake cewa uffan har jabanar ta huce.

Dokokin irin wannan suna da yawa a Attaurar da ke hannunsu. Kada a ɗaure bakin sa yana sussuka. In an tarar da sheƙa, kada a haɗa uwa da 'ya'yanta a kwashe. In an kewaye gari da yaƙi, kada a sare bishiyoyinsa masu 'ya'ya, kuma wannan na ƙarshe kusan shi ne wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham.

A ɓangaren falsafa, ginin nasu yana kan ƙafa biyu. Ta farko, halitta ba abin bauta ba ce, Allah ne Ya samar da ita daga babu. Ta biyu, halitta kyakkyawa ce a karan kanta. Augustine, ɗan Afirka ne haifaffen Suk Ahras ta Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430 yana bishop na garin da yanzu ake kira Annaba, ya yi shekaru a ƙuruciyarsa cikin ɗarikar Mani da ke ganin duniyar jiki mugunta ce. Da ya fita, ya yi rubuce-rubuce da yawa yana kare cewa duk abin da ke akwai, gwargwadon kasancewarsa, alheri ne, mugunta kuwa tawaya ce a cikin alherin, kamar yadda ruɓa take a jikin ɗan itace. Bayansa da ƙarni takwas, Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya tambayi dalilin da ya sa Allah Ya yi halittu iri-iri maimakon iri ɗaya mafi kyau. Amsarsa ita ce halitta ɗaya ba za ta iya nuna yalwar alherin Allah ba, sai Ya yi su da yawa don abin da wannan ta gaza nunawa waccan ta cike. Na daɗe ina juya wannan magana. A dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, dattawa sun ga raƙumin dawa da giwa, jikokinsu ba su gani ba. A ma'aunin Aquinas, abin da aka rasa a nan wata fuska ce ta alherin Mahalicci da ba wata dabbar da za ta nuna ta.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen littafin Ayuba, daga babi na 38. Bayan Ayuba ya gama kukansa, sai aka zagaya da shi cikin halitta: jakin jeji da ba ya jin tsawar mai kora, jimina, shaho, awakin dutse da suke haihuwa ba mai gani. Aka tambaye shi wa ke saukar da ruwa a ƙasar da ba kowa, a jejin da ba ɗan Adam a cikinsa. Na tsaya a irin wannan wuri a Butana, ciyawa kore shar har iyakar gani, ba gari ba garke. Wannan ruwan don wa aka yi shi? Littafin yana nuna wa mutum cewa akwai hulɗa tsakanin Allah da halittunSa wadda ba ta bi ta kanmu ba. A Linjila ma an ruwaito Annabi Isa yana cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayar da biyu a kobo ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Allah ba.

Mutumin da Lynn White ya nuna a matsayin magani shi ne Francis na garin Assisi a Italiya, wanda ya rasu a 1226. Ɗan attajiri ne ya zaɓi talauci, kuma a 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya, ya tsallaka sansanin Musulmi a Dimyaɗ ya gana da Sultan al-Malik al-Kamil, aka karɓe shi aka sallame shi lafiya. A waƙar yabon Allah da ya tsara kusa da ƙarshen ransa ya kira rana ɗan'uwa, wata da ruwa 'yan'uwa mata, ƙasa kuma uwa. Daga waƙar nan Fafaroma Francis ya ɗauko sunan doguwar wasiƙarsa ta 2015, Laudato Si', inda ya fito fili ya ce kuskure ne a fahimci ayar mulki a matsayin izinin danne sauran halittu yadda aka ga dama, ya kuma amsa cewa Kiristoci sun taɓa yi mata wannan fassara. Har maganar wani sufi Musulmi, Ali al-Khawwas, ya kawo a ciki.

Kada ka ɗauka ina cewa duk sun bi wannan. Aquinas ɗin nan da kansa ya ce an yi dabbobi ne don amfanin mutum. Har gobe akwai masu wa'azi, musamman a Amurka, da ke ƙaryata sauyin yanayi. Amma in kana son ganin koyarwar a aikace, ba ka da nisa. Ka fita ta Gallabat ka shiga Matamma, ka hau zuwa Gondar da kewayen tafkin Tana, inda kogin da ke wucewa ta ƙofar Mai Wurno yake tasowa. Tuddan sun zama gonaki tas. Sai ka hango wani dunƙulen kore a zagaye kamar faifai, can kuma wani. Kowane ɗaya coci ne na Otodoks ɗin Habasha a tsakiya, daji ya kewaye shi. Na shiga ɗaya da hantsi. Taku kaɗan daga rana mai dukan ƙeya, sai sanyi, ƙasa da laima, kukan tsuntsaye ta ko'ina, ga itatuwan da mutum biyu ba za su rungume ba. Irin waɗannan dazuzzuka dubbai ne, kuma a yankuna da dama su kaɗai suka rage daga tsohon dajin ƙasar. Abin da ya tsare su shi ne mutanen suna ɗaukar dajin coci kamar gonar Adnin, sun kuma yi imani kogin nan namu shi ne Gihon da aka ambata a Farawa 2 cewa yana kewaye ƙasar Kush.

To, ɗana, hukuncina ke nan. Mai laccar ya faɗi wani yanki na tarihin Turai daidai, amma tsohuwa ta fi shi kusa da littafin. Abin da ya fi damuna da laccar kuwa shi ne daɗin da take wa kunnenmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Noman tarakta ya fara a ƙasar Gadarif tun shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumar noman inji a 1968. Waɗanda suka tumɓuke dakwara da dushe daga nan har iyakar Habasha, akasarinsu masu salla ne, suna karanta ayar halifanci a Baƙara, suna karanta ayar da ke cikin suratu Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Mai mashru'in da na ba ka labari alhaji ne. Ayar Farawa ba ta sare mana ko reshe ɗaya ba. Ka koma majalisar da ka yi maganar ka gyara ta, don ka ɗora wa maƙwabciyarka abin da ba nata ba.

Jikokin kuma ka zaunar da su ka yi musu lissafi. Gawayin aduwa ɗaya kuɗin 'yan kwanaki ne. Tsayayyiya kuwa duk shekara tana zubo 'ya'yan da ake sayarwa a kasuwa da sunan lalob, a fasa ƙwallon a sami mai, ga dubagira, wadda ta riƙe gidaje da yawa a yunwar 1984.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce mai karatun likita a Bur Sudan. Mun fita shuka bishiyoyi a harabar makaranta, wata ƙawata Kirista ta ƙi zuwa. Ta ce littafinsu ya faɗa duniyar nan ƙonewa za ta yi, don haka gara a kula da rayuka. Haka abin yake a wurinsu?

Amsa: 'Yata, ayar da take nufi tana cikin wasiƙar Bitrus ta biyu, 3:10, inda aka ce sammai za su shuɗe, abubuwa su narke da wuta. Amma aya ta 13 ta ce ana sauraron sabuwar sama da sabuwar ƙasa, kuma da yawa daga malamansu suna fassara wutar da irin ta maƙeri, wadda ke fitar da datti ta bar ƙarfe. Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin Romawa babi na 8, inda Bulus ya ce dukan halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita daga ruɓewa. Mai naƙuda haihuwa take jira. Littafinsu ma da birni ya rufe, mai kogi a tsakiya da itacen rai a gaɓarsa, ganyensa na warkar da al'ummai. Kafin nan, a Wahayin Yahaya 11:18, an ambaci lokacin da za a hallaka masu hallaka ƙasa.

Tunda ku biyun likitanci kuke karantawa, ki tambaye ta cikin ladabi: marar lafiyar da za ta duba gobe, ba ta san jikinsa zai mutu ya ruɓe wata rana ba? Me zai sa ta ɗaure masa rauni? Addininta ya koyar da tashin jiki, ya kuma ɗauki kula da jiki ibada. In ta amsa wannan ta amsa na bishiya. Ke kuma kina da hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, cewa in Alƙiyama ta zo alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, ya dasa. Ki karanta mata shi, ta karanta miki Romawa 8, sannan ki ba ta bokiti ta yi ban ruwa.

Tambaya: Malam, ni mai agashe ne a Kasala, sana'ar da na gada. Wani mai saye a wurina, limamin coci ne, ya ce mini manyansu sun yanke cewa ɓata muhalli zunubi ne. Tun ranar nake kallon buhun gawayina da wani ido. Da gaske ne sun faɗi haka? Ni da ba ni da sana'a sai da wuta, ina matsayina?

Amsa: Malam, Allah Ya sa albarka a sana'a. Da gaske ne. Shugaban Otodoks da ke zaune a Istanbul, Bartholomew, ya faɗa a wani jawabi a Amurka a 1997 cewa aikata laifi ga halitta zunubi ne, ya lissafa ƙarar da jinsunan halittu, da sare dazuzzuka, da gurɓata ruwa da iska. Magabacinsa, Dimitrios, shi ya sa 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin halitta tun 1989, Katolika kuma suka bi sahu a 2015.

Amma su ɗin ma ba su ɗora nauyin daidai wa daida a kan kowa ba. Wasiƙar Fafaroma ta 2015 ta ce a saurari kukan ƙasa tare da kukan talaka, ta kuma ce ƙasashen arewa masu masana'antu suna da bashin muhalli a wuyansu na ƙasashen kudu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, gidajen da suka manta da murhu suka koma gawayi. Ba zan ce da uwar da ke dafa wa marayu kunu ta yi zunubi ba, kai ma da ke ciyar da iyali da tsinken nama ba zan ce ba. Mai nauyi a wuya shi ne wanda ya tura ma'aikata da injin yanka su kwantar da daji guda, ya loda manyan motoci, bai bar ko kututture mai rai ba.

Sai dai tunda zuciyarka ta motsa, kada ka bar ta ta kwanta, don akwai abin da ke hannunka. Kai mai saye ne na kullum, dillali yana jin maganarka. Kasala tana fama da miskit, ƙayar nan 'yar asalin nahiyar Amurka da aka shigo da ita Sudan a 1917, wadda ta cinye filayen noma a bakin Gash, tana toshe magudanai. Gawayinta yana gasa nama sarai. Ka ce wa mai kawo maka na miskit kake so, ka ƙi na aduwa da dakwara da bagaruwa ko da ya fi araha. In masu agashe goma a layinku suka haɗa baki a kan haka, masu sara za su bi inda kuɗi yake.

Sauran maganar ta 'yan'uwanka ce masu gona, kuma daga ƙasar Hausa ta fito. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi ta Nijar, dashen yana ta mutuwa. A 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar taya, idonsa ya faɗa kan ɗan kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen tsohuwar bishiya, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya fara roƙon manoma su daina share su, su riƙa gyara su. Da farko dariya aka yi masa. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka gwada, daga baya manoma Hausawa, Musulmi, suka riƙa koya wa juna gona zuwa gona, suka sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar ya kai hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200, da yawansu gawo ne, haraz ɗin nan da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. A littafin Ayuba 14:7-9 an ce itace yana da sa rai, in an sare shi zai sake toho, ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa zai tsiro. Na ga haka da idona a gonakin da aka yi shekaru ana bi da tarakta.

Ga yadda ake yi, ka faɗa musu. Lokacin sharar gona, in an iske kututture ya yi toho da yawa, a zaɓi masu ƙarfi da miƙewa, uku zuwa biyar, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, a ɗaura musu ƙyalle don makiyayi da mai neman itace su san da mai su. Duk shekara ana iya yanke ɗaya a yi girki ko gawayi, a bar sabon toho ya maye gurbinsa. Wuƙar ko laujen ya kasance da kaifi sosai, a kuma yanko reshen daga ƙasa zuwa sama, don in aka saro daga sama ɓawon yakan tsage ya bi jikin itacen, ciwo ya shiga ta nan.